Kiran Da Ya Ratso Bango

Mai binciken ya iso ƙarfe takwas saura kwata, yana jan akwatin ƙarfe mai taya. Injiniya tana tsaye a tagar ofishinta lokacin da ya sauko daga mota. Da ta hangi eriyar da ke hammatarsa, irin mai kama da ƙayar kifi, sai ta ja da baya daga tagar. Ta san aikin wannan eriya. Shekara biyu tana riƙe irinta a ƙasar da ta yi karatu.

Mako guda ke nan da tambayoyin jarrabawar bana suka shiga kasuwa, kwana uku kafin ɗalibai su zauna. An soke jarrabawar. Ba wanda ya san ta inda suka fita, don haka kowa a hukumar jarrabawar ya zama abin zargi, amma ido ya fi sauka a kan ɗakin sirri, inda ake buga tambayoyin.

Ɗakin yana hawa na biyu, jikin ofishinta. Ba shi da taga. Ƙofarsa ta ƙarfe ce mai kaurin tafin hannu, da makulli biyu, ɗaya a hannun Darakta, ɗaya a hannun Saje, shugaban masu gadi. A ciki akwai kwamfuta guda wadda ba ta taɓa ganin intanet ba, an toshe kafofinta da gam. Mutum ɗaya ke aiki a ciki, tsohon akawu, shekara ashirin da shida ke nan. A kulle shi ƙarfe takwas, a buɗe shi ƙarfe biyu. Ba waya, ba ƙararrawa, don waɗanda suka gina ɗakin sun ce duk wayar da ta fito daga cikinsa hanyar ɓarawo ce. In ya bugi ƙofa ma ba mai ji, teburin Saje yana can ƙarshen baranda, bakin matakala.

Tsohon akawun kawunta ne, ƙanin mahaifiyarta. Ciwon asma ya kama shi da tsufa, ya ɓoye, saboda doka ta hana marar lafiya aikin ɗakin, shi kuwa saura wata takwas ya yi ritaya. Ya ce da ƙafarsa ya shigo hukumar nan, ba zai fita da takardar likita ba. Bara, wata rana da aka buɗe ƙofa, an same shi zaune a ƙasa, ya ce bironsa ne ya faɗi. Ita kaɗai ta lura da launin leɓensa.

Shi ya sa ta yi abin da ta yi.

Kowace kwamfuta tana yoyo. Lantarkin da ke kai-komo a cikinta yana fitar da igiyoyi irin na rediyo, raunana, a hargitse, ba mai kula da su. Amma in aka sa ta ta yi aiki ta tsaya, ta yi aiki ta tsaya, sau ɗaruruwa a daƙiƙa guda, sai yoyon ya samu kari, rediyon da ke kusa ya kama shi kamar busar sarewa. A can inda ta yi karatu wasan ɗalibai ne, da shi suke sa kwamfuta ta yi musu kiɗa. Ranar da ta shiga duba na'urar, kamar yadda take yi duk wata uku, ta buga layi arba'in na manhaja da hannunta, Saje yana tsaye a kanta a matsayin shaida, yana hamma. Ta dawo ofis ta jingina ƙaramin rediyo mai batir da bangon, ta karkata shi zuwa matsakaicin zango, inda babu tasha. Duk sa'a Kawu zai danna madanni ɗaya, rediyon ya yi ƙara gajere: ina nan lafiya. In ƙirjinsa ya riƙe, akwai wani madannin, dogo sau uku: a buɗe.

Wata goma sha huɗu, bai taɓa danna dogon ba.

Yanzu ta fito ta tare Kawu a matakala, yana hawa a hankali, yana riƙe da ƙarfen gefe.

"Kawu, yau kada ka taɓa abin nan."

"Baturiya, ko gaisuwa babu? Can ba sa gaida tsofaffi ne?"

"Ina kwana. Kada ka taɓa, ko gajeren. Mutumin nan abin da ya zo nema ke nan. In ya ji ƙit, ni da kai sai gidan yari, ba wanda zai tsaya jin bayani."

"To ki goge mana."

"Ta ina? Tun ranar da abin ya faru aka hana ni shiga."

Ya tsaya ya maida numfashi, yana dubanta ta saman tabarau.

"Shi ke nan. Ko mutuwa ce ta zo, sai in ce ta zauna ta jira ƙarfe biyu."

"Ban ce haka ba, Kawu. In ka ji ƙirjinka…"

"Na ji ki. Matsa, kin tare mini hanya, ga ki kamar sandar lantarki."

Ƙarfe takwas daidai aka kulle shi, da sababbin tambayoyin da zai buga. Mai binciken ya ce so yake a yi komai yadda aka saba, shi kuma ya saurara. Ya karɓi makullin Darakta ya jefa a aljihun rigarsa. Sannan ya sa aka kashe na'urar sanyaya ɗakin sirri da fankarsa daga babban akwatin wuta, ya ce hayaniyarsu za ta rufe masa abin da yake nema. Ya ƙwanƙwasa bango nan da can, ya zaɓi ofishinta.

Dogon mutum ne mai furfura a gefen kai, ba ya ɗaga murya. Ya share mata rabin tebur ba tare da ya nemi izini ba, ya kafa eriyar ta fuskanci bango, ya kunna na'urarsa. Wani koren layi ya bayyana a fuskarta, yana rawa kamar ciyawa a iska. Sai idonsa ya kai kan rediyon, wanda ke ta shuu a jikin bango.

"Rediyonki ba ya kama tasha?"

"Shuu ɗin nake so, Yallaɓai. Yana toshe mini surutun baranda."

Ya ɗauka, ya duba inda allurar take tsaye, ya zare batiran ya ajiye su a tsaye a kan tebur.

"Zauna, Injiniya. Na karanta fayil ɗinki. Shekara shida a waje, har da aikin koyarwa. Me ya dawo da ke?"

"Sanyi."

Bai yi dariya ba.

"Tsohon nan, me kuke da shi?"

"Kawuna ne."

"Na sani. So nake in ji ko za ki faɗa." Ya rubuta wani abu. "A ganinki, za a iya fitar da bayani daga kwamfutar da ba ta haɗe da komai?"

In ta ce a'a, ya san ƙarya take, don fannin da ta karanta yana cikin fayil ɗin da ke gabansa.

"Za a iya. Amma ba ya nisa."

"Ba ya nisa," ya maimaita, ya dubi bangon. "Ai bango ma ba nisa ba ne."

Ƙarfe tara ta yi. Ta kafa wa agogo ido, don yatsan da ya saba wata goma sha huɗu yana iya dannawa ba da sanin mai shi ba. Koren layin ya ci gaba da rawarsa, bai tashi ba. Ƙarfe goma ma haka. Da farko ta ji sanyi a ranta, daga baya ta gane shirun bai gaya mata komai ba. Jiya shiru na nufin matsala. Yau mai lafiya da wanda ya faɗi ƙasa duk shiru za su yi.

Zafi ya fara cin ofishin, nata ma da ke da taga. Ta ɗora tafinta a bangon kamar mai miƙa, ta ji shi da ɗumi. Ta nemi izini ta fita shan ruwa.

Saje yana zaune a teburinsa yana fifita da jarida. A gabansa ga kwandon da ake ajiye kayan mai shiga ɗakin: wayar Kawu, agogonsa, makullan gida. Sai wani shuɗin abu mai lanƙwasa, tsawon yatsa. Ta tsaya cak.

"Saje, wannan me yake yi a nan?"

"Yallaɓai ya ce yau ko allura ba ta shiga. Na lalube tsoho na same shi a cikin safa. Na ce Baba mene ne wannan, ya ce turaren baki ne." Ya yi dariya. "Na ce a shekarun nan naka wa za ka yi wa ƙamshi a ɗakin da ba kowa? Ya ce kwamfutar ma mace ce."

Ta ɗauki abin shaƙar. Maganin asmar Kawu ne.

"Ajiye, Injiniya, an rubuta kayan nan."

"Buɗe mini ƙofar in miƙa masa."

"Da me? Makulli ɗaya ba ya buɗewa, kin fi ni sani. Lafiya dai? Kin ga fuskarki kuwa?"

Ta saka abin a aljihu ta juya, Saje yana kiranta.

Ta koma ta zauna gaban mai binciken. In ta ce asma, yau aikin Kawu ya ƙare, da takardar likitan da ya rantse ba zai fita da ita ba. Kuma za a tambaye ta tun yaushe ta sani, da abin da ta yi a kai. Wataƙila lafiyarsa ƙalau. Wani lokaci ya kan yi wata guda bai shaƙa ba. Ta ce wa kanta za ta jira zuwa sha ɗaya, in ta yi sai ta yi magana. Ta san tsoro ne yake mata wannan lissafi, amma ta zauna.

Sha ɗaya saura ashirin, koren layin ya miƙe tsaye a wuri guda kamar an caka ƙusa. Daga cikin na'urar wata busa ta fito, siririya, doguwa. Ta tsaya. Ta sake. Ta sake.

Mai binciken ya miƙe tsaye a hankali, kamar mai tsoron kada tsuntsu ya tashi. Ya danna abin naɗa.

"Ga shi nan," ya ce da raɗa. "Wallahi ga shi nan. Kuma ina zaune a jikin bangon."

"Yallaɓai, a buɗe ƙofar."

"Shiru."

"A buɗe ƙofar yanzu."

"Ba mai taɓa ƙofar nan sai ya gama aikawa. In na buɗe yanzu, rabin hujja gare ni."

Busar ta sake tashi. Dogo, dogo, dogo. Ta ga Kawu a cikin kanta, ya duƙa a kan tebur, kafaɗunsa suna hawa da sauka, yana laluben safarsa. Mutumin da ya ce mutuwa ta jira ƙarfe biyu. Allah kaɗai ya san minti nawa ya yi yana kokawa kafin ya yarda ya danna.

"Ni na saka shi," ta ce.

Ya juyo.

"Ni na rubuta, ni na buga a kwamfutar da hannuna. Ba tambayoyi yake aikawa ba. Asma gare shi. Wannan kira ne, yana cewa a buɗe." Ta ciro abin shaƙar ta ajiye a kan takardunsa. "Ga maganinsa, an karɓe a ƙofa. Kun kashe masa iska tun takwas."

Ya dubi shuɗin abin, ya dube ta. Fuskarsa ba ta canza ba.

"Ko kuma kina so in buɗe ne, ya samu ya kashe kafin in gama naɗa. Shekara goma sha tara ina aikin nan, Injiniya. Na ga mai suman ƙarya, na ga mai naƙudar ƙarya."

"Duba na'urarka. Sauti ɗaya ne, ba ya hawa ba ya sauka. Da sauti ɗaya za a fitar da tambaya ɗari biyu? Ka fi ni sani. Don Allah duba!"

Ya duba. Ta ga idonsa yana bin layin, ta ga ya gane, amma hannunsa bai je aljihu ba. Mutum ne da ba ya son a gaggauta shi.

Busar ta tashi. Dogo. Dogo. Suka jira na ukun.

Bai zo ba.

Koren layin ya koma rawarsa. Agogon bango yana tafiya. Ta fizgi takarda daga gabansa, ta ɗauki bironsa, ta rubuta a tsaye, harufan suna karkacewa: ni na saka manhajar da ke sa kwamfutar ɗakin sirri fitar da sauti, ni kaɗai, akawu bai san yadda aka yi ba. Ta sa hannu, ta sa kwanan wata, ta tura masa.

"Ga cikakkiyar hujjarka. Ba sai ka naɗi komai ba. In na yi ƙarya kana da ni, in na yi gaskiya kana da gawa a ɗakin da makullinsa ke aljihunka."

Ya karanta takardar daga farko har ƙarshe. Ya ninke ta biyu. Sannan ya fita da sauri, yana ƙwala wa Saje kira.

Makullan biyu sai an murɗa su tare. Karon farko Saje ya riga, ƙofar ta ƙi. Karo na biyu makullinsa ya faɗi ƙasa.

"Saje, don girman Allah!"

"Ina yi, Injiniya, ina yi, hannun ne."

Mai binciken ya ƙirga musu, ɗaya, biyu, uku. Ƙofar ta buɗe, zafi ya buge su kamar an buɗe murfin tukunya.

Kawu yana ƙasa, ya jingina da ƙafar tebur. Allon madannan yana reto a jikin wayarsa, saitin kafaɗarsa. Ya yage maɓallan rigarsa. Leɓensa ya yi toka-toka, idonsa a buɗe, numfashinsa wani ɗan fito ne da sai an kasa kunne. Ta durƙusa, ta tallafi kansa, ta girgiza abin shaƙar ta sa masa a baki ta danna. Maganin ya dawo waje, ba shi da ƙarfin ja.

"Kawu, ja. Ja mana. Kawu!"

Ta sake dannawa. Ta jira. Ta sake. Mai binciken ya kama shi ta hammata, Saje ya kama ƙafafu, suka fito da shi baranda inda iska take, suka zaunar da shi. A karo na biyar ƙirjinsa ya ɗaga, ya yi tari mai kama da yagewar tsumma. Ya ja wani. Saje yana ta fifita da jarida yana salati, yana cewa turaren baki, turaren baki, wallahi turaren baki ya ce mini.

Ma'aikata sun cika matakala. Mai binciken ya leƙa ta taga ya ce wa direbansa ya kawo mota bakin ƙofa. Kafin a ɗaga shi, Kawu ya kama hannun rigarta. Sai da ta kai kunnenta bakinsa.

"Me… kika ce masa?"

"Komai na gaya masa."

Ya rufe ido.

"Sakarya," ya ce.

Aka sauka da shi a kan kujera, mutum huɗu. Ta bi su har bakin matakala, sai ta ji muryar mai binciken a bayanta, ba da ƙarfi ba.

"Injiniya. Ke ba inda za ki."

Ta tsaya tana jin takunsu yana nisa, har ƙarar motar ta ɓace.

Sauran yinin a ɗakin sirri suka yi shi, ita da shi da Darakta, wanda bai dube ta ko sau ɗaya ba. Ta nuna musu layi arba'in ɗin, ta bayyana kowanne. Mai binciken ya maida batiran cikin rediyonta, ya sa ta danna madannin, shi kuma ya riƙa ja da baya da rediyon a kunne. A ofishinta busar tana fita sarai. A bakin ƙofarta ta disashe. Taku huɗu cikin baranda, sai shuu. Ya gwada sau uku, ya auna da tef, ya rubuta.

Wajen ƙarfe huɗu Saje ya bugo daga asibiti. An sa wa tsoho iska a hanci, yana numfashi, har ya fara yi wa nas faɗa a kan ta cire masa hula. Darakta ya ce to, ya kashe wayar, ya fita.

Mai binciken ya naɗe eriyarsa ya rufe akwati.

"Zan rubuta abin da na gani," ya ce. "Sauti ɗaya, taku huɗu. Ba ta nan tambayoyin suka fita ba, ni na yarda. Amma ba ni ke yanke hukunci ba. Ɗalibai dubu nawa aka soke wa jarrabawa, iyayensu suna jira a nuna musu mutum. Ke kuma kin taɓa na'urar da doka ta ce ba a taɓawa, kin sa hannu."

"Na sani."

"Da kin gaya mini tun takwas."

"Da ka buɗe?"

Ya ɗaga akwatin ya tsayar a kan tayarsa.

"Ban sani ba," ya ce.

Ya miƙo hannu. Ta cire katin aikinta daga wuya, ta haɗa da makullin ofis ta ba shi. A ƙasa wata mota ta shigo harabar, ba tasa ba, 'yan sandan farin kaya biyu suka fito suka tsaya a inuwa suna duban benen. Yanzu da ba ta da abin yi, tsoron ya dawo mata sabo, har sai da ta dafa tebur.

"Zan iya kiran gida?"

"Minti biyu. A gabana."

Wayar ta yi ƙara sau huɗu kafin a ɗauka. Ta ji famfo yana zuba, da muryar mahaifiyarta tana cewa wane ne, hannuna da kumfa.

"Inna, ni ce. Zauna tukuna. Kawu yana asibiti, amma yana numfashi, an ce har yana faɗa. Ki kai masa wata rigar, tasa ta yage." Ta haɗiye yawu. "Ni kuma kada ki jira ni. Yau ba zan dawo gida ba."